Kuɗin Cizo a Gadon Iya

Ranar Litinin ta farko bayan hutun Babbar Sallah, a shekarar da nake aji huɗu na firamare, aka kama ni da kuɗin cizo a gaban 'yan makarantarmu kaf. Muna tsaye a sahu da safe a ƙarƙashin itatuwan dogon yaro, kowa ya miƙa hannuwa ana duba farce da haƙora kamar yadda aka saba. Ni ko a jikina, don a wajen tsafta ban taɓa shan bulala ba. Kayana sun sha guga, hijabina fari fat har da bula. Malamar ajinmu, Malama Rabi, ta duba farcena ta wuce, sai kuma ta dawo da baya ta zuba wa kafaɗata ido. Na bi idonta da kallo, sai ga wani ɗan abu ja-ja, bai wuce ƙwayar dawa ba, cikinsa ya kumbura tim, yana tafiya a kan farin hijabin nan a natse kamar gidan ubansa. Malama ta yagi takarda ta ɗauke shi ta murtsuke. Jini ya ɓata takardar, wani wari ya tashi, mai zaƙi-zaƙi mai tayar da zuciya, irin na man gyaɗar da ya daɗe ya lalace. Ta nuna mini takardar ta ce, "Wannan jinin naki ne." Waɗanda ke kusa da ni suka dare. Kafin a tashi tara na samu sabon suna, Ummi mai kiwo, kuma sunan nan ya bi ni har na gama makarantar.

Na san inda ya fito, duk gidanmu ma an sani. Gidanmu na Tudun Wada gidan haya ne mai tsakar gida ɗaya da rijiya ɗaya, mu da wasu iyalai biyu. Sunan kakata ta wajen uba aka sa mini, shi ya sa ba mai kiran sunana na yanka, sai dai Ummi, ita kuma Iya takan ce mini Takwara. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakinta, can nake kwana, can nake ajiye allona da 'yan duwatsun carafkena. Iya kuwa mace ce mai tsafta har ta ɓaci. Sau biyu take share ƙofar ɗakinta kafin hantsi, tana wanke kwanon da aka riga aka wanke, in ta ga ƙuda ya sauka a bakin randa sai an zubar da ruwan an ɗauraye. Matan gidan suna tsoron idonta fiye da na duba-gari. Ita ce ke goge mini kayan makaranta da dutsen guga na gawayi, ta ninke su ta sa a ƙarƙashin matashinta don kada karin ya ɓaci. Daga ƙarƙashin matashin nan baƙona ya biyo ni makaranta.

Gadon Iya ba irin wanda ake saye a kasuwa ba ne. Kakana, wanda ban taso na gan shi ba, kafinta ne, kuma shi ya yi shi da hannunsa da icen maɗaci a shekarar da suka yi aure. Dogo ne, sai na taka kujera 'yar tsugunno nake hawa. Bai buga masa ƙusa ko ɗaya ba, sassaƙa katakon ya yi ya zura wani cikin wani, sai manyan notuna huɗu da suka riƙe kusurwoyin. A wajen kai akwai wata sanda mai dunƙulallen kai wadda Iya ke kamawa in za ta tashi, saboda ciwon gwiwa, har wurin ya yi baƙi ya yi santsi da man hannunta. A ƙarƙashinsa ake jera tasoshi da fantimoti, a nan nake ɓuya in an aike ni kai niƙa ba na so. Na sha jin Iya tana cewa, "Malam bai bar mini gona ba, bai bar mini gida ba, wannan ya bar mini." Takan faɗe shi tana dukan katakon da tafin hannu, ba da baƙin ciki ba, da alfahari.

Yadda kuɗin cizon suka shigo gadon har yau ba a tabbatar ba. Iya ta ɗora laifin a kan wata baƙuwa da ta zo jinya daga ƙauye ta yi mana mako uku, ita baƙuwar kuma na ji daga baya ta ce a gidanmu ta kwaso. Abin da na sani shi ne an fi wata biyu ana ganin alamar. Ɗigo-ɗigon baƙin kashinsu a bakin zanin gado, jini a jikin bango inda Iya ta murtsuke wani cikin barci, ga hannuwana da wuyana duk sun yi ruɗu-ruɗu, cizo uku-uku a jere. Ummana takan shafa mini man kaɗe tana cewa sauron bana ba shi da imani, alhali ana tsakiyar rani, ko kwata ta bushe. Ba wanda ya isa ya buɗe baki. Umma suruka ce, ko ido ba ta haɗawa da Iya, ina ita ina cewa gadon uwar mijinta da ƙwari? Baba kuma ɗan fari ne, tsakaninsa da Iya sai gaisuwa a durƙushe daga bakin ƙofa, ita ko sunansa ba ta kira. Haka kunya ta rufe bakin manya, ƙwari suna ta shan jinina suna hayayyafa.

Da na dawo makaranta ran nan ina kuka, Umma ta ja ni madafi ta ce mini a hankali, "Ke ce jikarta, ke kaɗai za ki iya gaya mata. Ki sa shi cikin wasa." Ban sa shi cikin wasa ba. Na fito tsakar gida, matan haya suna wanke-wanke a bakin rijiya, Iya tana tsince shinkafa a faifai, na tsaya a kanta na ce da ƙarfi gadonta ƙazami ne, ɗakinta wari yake yi, kuma ni na daina kwana a ciki. Wanke-wanke ya tsaya cak. Iya ta ɗago ta dube ni, ba ta zage ni ba, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Takwara, gadon Malam ne ƙazami?" Na ce shi. Na shiga na kwaso allona da duwatsuna na koma ɗakin Umma, cikin ƙannena masu fitsarin kwance.

Asabar ɗin da ta biyo baya aka fara yaƙi. Sai da maza huɗu suka taru kafin aka fito da gadon tsakar gida, aka ɗora katifar rimin a kan kwanon rufi, aka dasa babbar tukunya a murhu. Bazara ta shigo, irin ranar da in ka taka siminti ba takalmi sai ka yi rawa. Aikina shi ne in bi kowace tsaga da tsinken tsintsiya ina sakacewa, Iya na biye da ni da butar tafasasshen ruwa. Abin da na gani ran nan har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Duk inda na zura tsinke sai su ɓarko, manya jajaye, matsakaita, da ƙanana farare da sai sun motsa ake ganinsu, ga ƙwayayensu manne da katako kamar an barbaɗa gari. Ruwan zafi na zuba suna gangarowa, wari ya cika gidan har maƙwabta suka leƙo ta katanga. Kajin gidan suka taru suna ta tsattsaga, ni kuwa na fi wata ban ci ƙwai ba. Kwana uku gadon ya yi a rana. Iya ta tsaya da hannu a ƙugu tana cewa, "Duk abin da ke da rai, ranar bazara ta fi ƙarfinsa." Aka mayar da gado, ta shimfiɗa sabon zani, ta lallaɓe ni da alewar madara na koma. Kwana goma muka yi lafiya. A na sha ɗaya na tashi da cizo uku a jere a kumatu, na sake kwashe kayana na koma ɗakin Umma.

Daga nan babu abin da ba a gwada ba. An bi tsagogin da gashin kaza ana ɗiga kananzir, an cusa toka da dakakken barkono har muka wuni muna atishawa, an rufe ɗakin an turara shi da ganyen dogon yaro. Iya ta yarda aka ƙone katifar rimin, ba ta ko waiwaya ba, don ita ba Malam ya yi ta ba. An sa ƙafafun gadon cikin gwangwanayen kananzir. An sayo fiya-fiya a tasha aka yayyafa, warinsa ya kwantar da Iya da tari kwana biyu, da aka buɗe ɗakin aka share kyankyasai cike da abin kwasar shara, da gyare, da tsaka guda biyu sun bushe a bayan fantimoti. Komai ya mutu a ɗakin nan ban da waɗanda aka yi abin dominsu. Sukan yi shiru mako ɗaya ko biyu, har a fara hamdala, sai a wayi gari a ga baƙin ɗigo a zani. Na tsane su tsana irin wadda ban taɓa yi wa wani abu mai rai ba. Har a aji nakan ji kamar ana tafiya a bayana, in zabura ina soshe-soshe, 'yan aji su ce dabbobin mai kiwo sun tashi kiwo.

Baba malamin gona ne, ya san ƙwari, kuma ya san inda maganar za ta ƙare, sai dai ba zai iya faɗa wa Iya ba. Dabarar da ya yi ita ce, wata ranar Lahadi ya jawo mashin ɗinsa daidai tagar ɗakinta yana wankewa, ya kira ni in riƙa zuba masa ruwa, ya shiga ba ni labari da murya sama da yadda ya saba. Ya ce akwai tururuwa a hamada da ke fita kiwo da tsakar rana, lokacin da yashi ke iya gasa ƙadangare. Ya ce a ƙasashen ƙanƙara akwai ƙwarin da ke daskarewa su yi tauri, in ɗumi ya dawo su narke su ci gaba da tafiya. Ya ce ba ma sai an je nesa ba, a 'yan ramukan ruwa na kan duwatsun ƙasarmu akwai wata 'yar tsutsa da ke bushewa ƙayau in ruwa ya ƙafe, ta yi shekaru a haka, ranar da ruwan sama ya taɓa ta sai ta farfaɗo. Ya ƙare da cewa wani katakon in ƙwaro ya shige can cikin mahaɗarsa, wuta kaɗai ke isa wurin. Ni dai labarin bai burge ni ba, ƙyama ya ƙara mini, don na ga ashe duniya cike take da abubuwan da ba su san a ce musu su mutu ba. Sai muka ji muryar Iya ta taga, ita ma da ni take magana. "Takwara, ki gaya wa mai labarin nan, in rana ba ta kashe su ba, yunwa za ta kashe su. Ni na san yunwa, shi bai san ta ba."

Haka aka yi. Aka kai gadon ɗakin ajiya da ke bayan madafi, aka rufe ƙofa, Iya da kanta ta kwaɓa laka ta liƙe duk wata kafa. Aka kankare bangon ɗakinta aka shafa farar ƙasa, ta koma kwana a tabarma. Ɗakin ya zama tas, amma na ƙi komawa. Na ce muddin gadon nan yana cikin gidan nan ba zan kwana wurinta ba, sai an ƙone shi. Yau ina jin nauyin maganar, a lokacin kuwa gani nake gaskiyata ce. Iya ta ce, "In an buɗe aka tarar sun mutu fa?" Na ce to, ranar sai in dawo. A kan haka muka tsaya, ni da ita, kowa ya kafe, dama ba banza aka sa mini sunanta ba.

Damina ta sauka, muka yi ta zuwa 'yar gonar Baba a bayan Hanwa muna cire ciyawa, muka ci gasasshiyar masara, muka yi gaɗa da 'yar gala-gala a ƙofar gida, aka yi girbi, sanyi ya zo ya wuce. Duk wannan lokacin Iya tana lissafin watanni da tsayuwar wata. Nakan gan ta in za ta kewaya, ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiya ta duba lakar, in ta ga ta tsage ta sake liƙewa. Ba ta daina goge mini kaya ba, sai dai yanzu a kan igiya take rataye su, ta kira ƙanwata ta kawo mini. Ni kuma kullum sai na tashi cikin zarnin ƙannena, ina kewar tatsuniyoyin Iya da ƙamshin turaren wutarta, amma girman kai ya hana ni taka ƙofar da ba ta fi taku goma daga tamu ba.

Sai da bazara ta kusa zagayowa Iya ta ce a buɗe. Da hantsi ne, ranar Asabar, duk gidan aka fito kallo. Aka farfasa lakar, aka fito da gadon ya yi futu-futu da yanar gizo, Baba ya ɗauko sifana ya kwance notunan nan huɗu, abin da ba a taɓa yi ba tun da Malam ya ɗaura su. Katakon ya rabu, aka leƙa cikin mahaɗar. Ga su nan jingim, amma ba ja ko ɗaya. Duk sun koɗe, sun yi fyaɗe-fyaɗe, iska na kaɗa su. Fuskar Iya ta washe, rabon da in ga haƙoranta haka har na manta. Ta ce, "Kun gani? Ina mai labarin tsutsa?" Ta sa farce ta ɗauko guda, ta kamo hannuna ta ɗora mini a tafi. "Riƙe, Takwara, ki gani da idonki. Ƙaiƙayi ne."

Na riƙe, ina ɗauke numfashi. Ba shi da nauyi ko kaɗan, har ana hango zanen tafina ta cikinsa. Ina shirin hure shi sai na ga gashin bakinsa ya motsa. Na ce a raina iska ce. Sai ƙafa ɗaya ta miƙe, sai ta biyu. Ɗumin hannuna ne ya tashe shi. Ya juya a hankali, ya ja jiki ya haura zuwa wuyan hannuna inda fata ta fi laushi, ya tsaya, ya kafa baki. Na kasa ihu, na kasa yarfewa. Muna tsaye mu duka muna kallo, abin da ya kusa shekara bai ci komai ba yana canza launi a kan hannuna, daga fari yana komawa ja. Iya ce ta sa babban yatsanta ta danne shi. Warin nan ya tashi. Ta daɗe tana kallon ɗigon jinin, ba ta saki hannuna ba. Sannan, ba tare da ta dubi Baba ba, ta ce, "Kai wannan, ɗauko kananzir da ashana."

A wani kango da ke bayan gidanmu aka ƙone shi. Wata maƙwabciya ta roƙa a ba ta katakon ta yi girki, Iya ta ce ba za a dafa tuwo da gadon Malam ba. Ita ta ƙyasta ashanar. Maɗaci ba ya saurin ci, sai da aka kai la'asar yana ci yana tartsatsi, hayaƙin kuwa ba a magana, na toshe hanci da hijabi har na yi amai a gindin katanga. Ba zan ɓoye ba, murna na yi ran nan, har da tsalle. Iya ta zauna a kujerarta 'yar tsugunno, ba ta tashi ba sai don salla, ba ta yi kuka ba. Da toka ta huce ta sa kara ta tono notunan huɗu, ta ƙulle su a bakin zaninta.

A ranar na mayar da allona da duwatsuna ɗakinta. Baba ya kawo katifar soso aka shimfiɗa a ƙasa, Iya ta ce kwanciya a kanta kamar kwanciya a kan burodi. Da asuba na farka na ga tana ƙoƙarin tashi. Ta miƙa hannu sama ta wajen kai, inda sandar nan take tun kafin a haifi Baba, ta damƙi iska. Ta sake laluba, babu komai. Hannun ya tsaya a sama jim kaɗan, sannan ya sauko ya dafa kafaɗata, ta yunƙura ta miƙe. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, kuma kowace asuba a kafaɗata take tashi.

Yanzu gidan an rushe shi an yi shaguna, kangon ma an gine. Yaran yau ba su san fitar da gado rana ba, in ƙwaro ya dame ka waya za ka ɗaga a zo a yi feshi, in gadon ya gagara a jefar a sayi wani, don ba wanda kakansa ya sassaƙa masa. Ɗana yakan kawo mini wayarsa ya nuna mini ƙwarin hamada da na ƙanƙara, yana jira in yi mamaki, ni kuwa sai in ce ya kawar mini da ƙazantar nan daga gabana. Har gobe duk inda na sauka baƙunta sai na ɗaga bakin katifa na duba kafin in zauna. Notunan Iya ban san inda suka shiga ba, hotonta guda ɗaya ne kuma ya dushe, muryarta ma ta fara ɓace mini. Amma bara, a cikin motar haya, na ji ana tafiya a wuyan hannuna, na murtsuke ban duba ba. Warin ya bugi hancina, kuma a cikin wannan ƙyamar sai ga ɗakin Iya gaba ɗayansa, da turaren wutarta, da tarinta, da nauyin hannunta a kafaɗata. Na daɗe ban goge yatsana ba.